Yadda Rayuwar Al'umma ke Juya Ma'anar Karin Magana: Misali daga Ibohaman ta Ƙasar Adar

Akwai wani karin magana na Faransanci da kusan duk wanda ya shiga lakwal a Nijar ya haddace tun yana yaro: «Après la pluie, le beau temps», watau bayan ruwan sama sai gari ya yi kyau. Bafaranshe yana faɗinsa ga wanda ke cikin ƙunci don ya kwantar masa da hankali. In aka juya kalmomin nan zuwa Hausa ɗaya bayan ɗaya, aka karanta wa manomin Ibohaman, cikin gundumar Keita ta jihar Tawa, ba wata kalma da za ta ɓace masa, amma zancen zai iske shi a birkice. A ƙasar da ruwan shekara ba safai yake wuce milimita 400 ba, inda tsofaffi ke ƙirga shekarunsu da farin 1973 da na 1984, ruwan sama shi ne kyaun garin. Sararin da ya washe cikin watan Agusta abin fargaba ne. Bahaushe ya ce «Damina uwar albarka», in kuwa yana son ya lallashi mai wahala sai ya ce «Bayan wuya sai daɗi», bai sa ruwa a ciki ba ko kaɗan.

Wannan misali mai sauƙi ne, domin kuskuren a fili yake, kowane malamin yaƙi da jahilci zai gane shi nan take. Abin da ya fi wuya shi ne inda karin magana biyu suka yi kama har mai fassara ya ɗauka abu guda suke faɗi, alhali kowane yana jingine da irin zaman mutanensa. Irin wannan kuskure ba ya sa kowa dariya, don haka yakan shige cikin littafin karatu da ƙamus ya zauna shekara da shekaru.

Ba yau aka fara tattara karin maganar Hausa ba. Merrick ya buga nasa a shekara ta 1905, Whitting ya haɗa na Hausa da na Fulatanci a 1940, Kirk-Greene ya fito da Hausa ba Dabo ba ne a 1966 mai ɗauke da guda 500, Yusufu Yunusa kuma ya wallafa Hausa a Dunƙule a 1977. Aiki ne mai daraja, kuma da shi ake dogara har yanzu. Sai dai akasarinsa a Nijeriya aka yi shi, kuma tsarin da aka fi bi shi ne a jera karin magana, a ba da fassararsa ko taƙaitaccen bayani, wani lokaci a nemo masa takwara cikin Ingilishi. Wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a kan wane al'amari, ba kasafai ake rubuta su ba. Tun a 1964 Arewa da Dundes, cikin nazarinsu kan karin maganar Yarabawa, suka nuna cewa wanda ya san kalmomin karin magana bai san ƙa'idar amfani da shi ba, rabin abin kawai ya sani. Manazarta sun yarda da wannan magana, amma masu shirya littattafan karatun manya ba su cika aiki da ita ba.

Dutse mai gangara

Karin maganar da ya fi kowane nuna wannan matsala shi ne wanda Ingilishi da Faransanci suka yi tarayya a kansa: dutsen da ke gangarawa ba ya tara gansakuka, «Pierre qui roule n'amasse pas mousse». A Faransa da Ingila ma'anarsa ta asali gargaɗi ce: mai yawan ƙaura ba ya tara dukiya, ba ya kafa gida. Tsiron nan mai laushi da ke lulluɓe tsohon dutse a ƙasa mai sanyi da laima, a idonsu alamar daɗewa ce da wadata. Amma Milner ya lura a 1969 cewa a Sikotilan ana jin zancen a juye: tsiron ƙazanta ne, dutsen da ke motsi shi ne mai tsabta. A 1973 Barbara Kirshenblatt-Gimblett ta tambayi ɗalibai a Jami'ar Texas ta Amurka, ta sami fassara uku: wasu sun ce mai motsi ba ya tsatsa, wasu sun ce mai yawo ba ya cim ma komai, wasu kuma sun ce mai yawo ya huta da nauyin iyali da tarkace. Harshe ɗaya ne, kalmomi ba su sauya ba, abin da ya sauya shi ne darajar da mai sauraro ya ba zama da wadda ya ba tafiya.

To, a kawo shi Adar. Kalmar Hausa da ta fi kusa da tsiron ita ce gansakuka, ita kuwa abin da ake gani ne bisa ruwan tabkin da ya daɗe a kwance, ko jikin randar da ba a wankewa. Ba wanda ke fatan tara ta. Saboda haka malamin da ya koyi zancen a lakwal da ma'anar Faransa, yana nufin ya ce wa samari su zauna gida, zai tarar masu sauraro sun ji yabon tafiya, kamar mutanen Sikotilan. Ɗaya rabin karin maganar shi ma bai tsira ba. Ibohaman tana cikin yankin da ake kira Adar-Dutsi-Majiya, ƙasar tuddai masu duwatsu da kwaruruka masu noma a ƙarƙashinsu. Dutsen da ke gangarawa a nan sananne ne: shi ne wanda ruwa ke kwasowa daga bisa tudu ya zube cikin gona, ya haƙa kwazazzabo. Dutsen da ya zauna wuri ɗaya kuwa ya sami sabuwar daraja tun daga 1984, lokacin da aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar FAO, wanda daga baya ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Jerin duwatsu a kan faƙo, da kejin waya cike da duwatsu a cikin ƙorama, su ne suka tare ƙasa suka tsai da ruwa. Ke nan rabin farko na karin maganar yana zagin mai tafiya, rabin biyu yana yabonsa. A Hausar Adar zancen ba shi da tsayayyar ma'ana, kuma bai kamata a sa shi cikin littafin karatu ba sai da dogon bayani, wanda ya fi ƙarfin darasi.

Ba wai Hausa ta rasa abin faɗi a kan wannan batu ba. Tana da shi har biyu masu karo da juna. A gefe guda «Kowa ya bar gida, gida ya bar shi». A ɗaya gefen «Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi» da «Zomo ba ya kamuwa daga zaune». Wanda ya dubi jerin nan a takarda yana iya cewa masu iya magana sun saɓa wa kansu. A Adar ba saɓani ba ne, lokaci ne ke raba su. Da an gama girbi, magidanta da samari da yawa sukan tafi biɗa, watau cin rani, zuwa Nijeriya, Kodebuwa, Kamaru ko Libiya, su komo kafin shuka ko bayan shekara biyu ko uku. Saurayin da ya zauna gindin bishiya cikin watan Janairu, rumbu kuwa bai cika ba, shi ake yi wa zancen zomo. Magidancin da ya shekara biyar bai aiko ba, bai zo ba, shi ake yi wa zancen gida. Barin gida a nan ba ya nufin fita daga gari. Yana nufin yanke aike da ziyara. Wannan shi ya sa «Zumunta a ƙafa take» ke da nauyin da takwaran da aka saba ba shi, «Loin des yeux, loin du cœur», ba shi da shi. Na Faransanci bayani ne kan halin zuciya, cewa nesa tana sanyaya ƙauna. Na Hausa umurni ne: a taka a je suna, a je biki, a je gaisuwar mutuwa.

Abin da Uzbek ke koyarwa

Kwatanta Hausa da harsunan Turai kaɗai yana da wani haɗari, shi ne a zaci duk bambancin da aka gani na tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba ne, ko na tsakanin ƙasar fari da ƙasar ruwa. Don haka yana da amfani a sa harshe na uku a tsakani. Uzbek harshe ne na dangin Turkanci, ana magana da shi a Uzbekistan ta tsakiyar Asiya, ƙasar Samarkand da Buhara inda aka haifi Imamu Buhari a shekara ta 810. Babu dangantakar asali tsakaninsa da Hausa. Amma masu shi Musulmi ne akasari, ƙasarsu mai ƙarancin ruwan sama ce, harshensu cike yake da kalmomin Larabci (sunan karin magana ma a wurinsu, maqol, daga Larabci ya fito), kuma mazajensu masu ɗimbin yawa na tafiya neman kuɗi Rasha kamar yadda na Adar ke tafiya kudu.

A kan tafiya, su ma suna da biyu masu karo. Ɗaya yana cewa «O'zga yurtda shoh bo'lguncha, o'z yurtingda gado bo'l», watau da zama sarki a ƙasar wasu gara zama mabaraci a taka ƙasar. (Kalmar gado a nan mabaraci take nufi, kamarta da ta Hausa haɗuwa ce kawai, irin wadda kan yaudari mai gaggawa.) Ɗayan yana cewa «Musofir bo'lmaguncha musulmon bo'lmaysan»: sai ka zama matafiyi kake zama Musulmi, ma'ana wanda bai ɗanɗani baƙunci ba bai san tausayin baƙo ba. Kamar ta yi yawa har mutum ya ce an sami takwarori. Duk da haka abin da Ba'uzbeke ke tsoron rasawa shi ne yurt, ƙasar haihuwa. Abin da Bahaushe ke tsoron rasawa shi ne gida, watau mutane da hakkin da ke tsakaninsu. Bahaushen da ya kafa zango a Kumasi ko Abijan, yana aike yana saukar da ƴan'uwa, bai bar gida ba a ma'anar karin maganar.

Batun baƙo ya fi wannan bayyana. Uzbek na cewa «Mehmon otangdan ulug'», baƙo ya fi ubanka girma. Hausa na cewa «Baƙonka annabinka». Duka biyun sun ɗaga baƙo sama, kowane da ma'aunin da ya fi girma a idonsa: ɗaya ya auna da uba, ɗaya ya auna da annabci. Turawa kuwa suna da wanda ke cewa kifi da baƙo in sun kwana uku sai su fara wari. Kwana ukun nan sananne ne ga Bahaushe da Ba'uzbeke, domin hadisi ya iyakance hakkin liyafa da kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne. Adadi ɗaya ne, amma a wurin Bature iyakar haƙurin mai gida ce, a wurin Musulmi kuwa iyakar wajibi ce, bayanta lada ke ci gaba.

Mai neman takwara cikin gaggawa zai haɗa zancen kifin nan da «Baƙo raɓa ne». Kuskure ne. Raɓa ba ta wari, ba a korarta, hantsi na yi take bushewa da kanta. Kuma ma'anar ta dogara ga wanda aka fuskanta. In mai gida aka faɗa wa, lallashi ne: yi haƙuri, ba daɗewa zai yi ba. In baƙon aka faɗa wa, ko aka faɗa yana ji, gargaɗi ne: kada ya sa baki cikin abin da zai tafi ya bari. In kuwa ƴan gari ne ke faɗinsa tsakaninsu game da ma'aikacin da aka turo daga Yamai ko Tawa, hukunci ne a kan aikinsa gaba ɗaya. Ya kamata mai tsara shirin karatu ya san wannan fassara ta uku, tun da sau da yawa shi ne baƙon.

Ruwa ma ya raba harsunan biyu. Noman Uzbekistan na ban-ruwa ne tun zamanin da, daga kogunan Amu Darya da Sir Darya, shi ya sa suke cewa «Suv zar, suvchi zargar»: ruwa zinariya ne, mai ban-ruwa maƙerin zinariya ne. Yabo ne ga wanda ke tsakanin ruwa da gona. Ibohaman ita ma tana da madatsar ruwa da filin ban-ruwa, amma wannan tsari na zamani ne, bai kai ga haifar da karin magana ba. Tsohon sanin Bahaushen Adar game da rabon ruwa a bakin rijiya yake, kuma abin da ya faɗa kan mai shiga tsakani zargi ne: «Rijiya ta bayar, guga ya hana». Akan fassara shi da «plus royaliste que le roi», wanda ya fi sarki son sarauta. Na Faransanci yana magana ne kan wuce gona da iri wajen ra'ayi. Na Hausa yana zana mutum uku, mai kyauta da bara da mai roƙo, kuma ba ya da ma'ana sai a al'ummar da alheri ke bi ta hannun wani kafin ya iso. A yankin da aka shekara da shekaru ana rabon abinci a madadin aiki, ba wanda ke bukatar a yi masa bayanin wane ne guga.

Ajin mata, da kalmomi masu nauyi

Ko cikin gari ɗaya ma'ana takan rabu. «Da zaman banza gara aikin kishiya» yana cikin waɗanda ake son sawa a littattafan karatu don ƙarfafa himma, ana haɗa shi da «L'oisiveté est la mère de tous les vices», zaman banza uwar miyagun halaye. A bakin namiji kusan haka yake, kishiyar ado ce kawai ta zance. A ajin mata kuwa kishiyar tana iya kasancewa zaune bisa tabarma guda da mai karantawa. Tsakanin mata karin magana makami ne na habaici, kuma wanda aka karanta da ƙarfi a gaban mutane ba ya zama misalin nahawu kawai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Adar, inda mata suka kasance mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a aikin Keita saboda maza suna biɗa, kuma saboda wannan dalilin su ne aka fi samu a gari lokacin rani, lokacin da ake buɗe azuzuwan.

Akwai kuma kalmomin da tarihin wuri ya ba wani nauyi dabam. A Kano Buzu suna ne da ake ba kowane mutumin Abzin, har ya zama kamar sunan mai gadi. A Adar, kamar yadda aikin Benedetta Rossi na 2015 kan tarihin bauta da ƙwadago a yankin ya nuna, kalmar tana da alaƙa da zuriyar waɗanda suka kasance ƙarƙashin manyan Abzinawa, kuma mutane da yawa masu Hausa a baki a yau daga wannan zuriya suke. Zancen ba'a da ya ambaci Buzu ko bawa, wanda zai wuce a birni ba a kula ba, yana iya watse aji a ƙauyen Keita. Haka nan kalmar Azna: a Adar sunan mutanen asali ne masu tarihi da sarautunsu, waɗanda Nicole Echard da Djibo Hamani suka yi rubutu a kansu cikin 1975, alhali arne a Hausar Kano zagi ne. «Tsafi gaskiyar mai shi» a bakin malamin birni nesanta kai ne da abin. A gidan da kakanni suka riƙe gargajiya ana iya jinsa a matsayin girmamawa ga abin da kowa ya gada.

Saura siffar kalmomin kansu. Bernard Caron ya bayyana Hausar Adar a littafinsa na 1991, kuma bambancinta da daidaitacciyar Hausa ba ɓoyayye ba ne: tahi a maimakon tafi, ƙahwa a maimakon ƙafa, shina a maimakon yana, sunka da anka a maimakon suka da aka, na da ta a maimakon ne da ce. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun yi aikin daidaita rubutu, kuma ba a musun amfaninsa ga makarantun harsunan ƙasa da aka fara gwadawa a Damagaram a 1973. Amma karin magana ba jimla ba ce ta yau da kullum. Ƙarfinsa yana cikin jin da mai sauraro ke yi cewa bakin kakanninsa ne ke magana. Wanda aka gyara wa lafazi ya koma na Kano yana nan da ma'anarsa, sai dai ya zama zancen littafi, dattijon Ibohaman zai karanta shi ba zai kafa hujja da shi ba. Hanyar da ta fi dacewa a matakin farko ita ce a rubuta siffar wurin da haruffan da aka daidaita, a sa daidaitacciyar siffa a ƙarƙashinta.

Ga masu tattarawa kuma, katin da ke ɗauke da karin magana da fassararsa kaɗai bai wadatar ba. Ana bukatar a rubuta garin da aka ji shi da watan, ko namiji ne ya faɗa ko mace, babba ko yaro, wa ya fuskanta, me ake ciki, da abin da aka mayar masa, domin sau da yawa amsar karin magana wani karin magana ne, kuma amsar ce ke nuna yadda aka fahimci na farko. Wanda aka samu ta hanyar tambaya, a ce wa tsoho ya kawo karin magana goma, a ware shi daga wanda aka tsinta cikin zance a kasuwar Ibohaman ko ta Tamaske, wurin sasanta rikicin gona, ko bakin rijiya. Gurbin takwara na Faransanci a bar shi fanko har sai an sami kati uku ko huɗu na karin magana guda daga bakuna dabam-dabam.